Inna Ba Za Ta Faɗi Haka Ba

Ruwa na tarar a garin, ruwa kuma na baro. Ba irin namu ba, wanda zai haɗa hadari ya yi tsawa ya zuba, kowa ya ɗauki fartanyarsa. Wannan yayyafi ne marar zuciya, ya wuni ya kwana yana abu ɗaya. Na sauka daga jirgin ƙasa a wani gari na arewacin Ingila da akwati guda da ƙullin yaji da kuka, na tsaya a bakin tasha ina kiran lambar wani ɗan ƙasarmu da ya karɓi kuɗin haya tun ina gida ya ce ya kama min ɗaki. Lambar a kashe. Har yau a kashe take, don bara ma na gwada, ba don komai ba sai son gani. Kwana uku na yi a wani lungu na masallacin 'yan Pakistan kafin limamin ya haɗa ni da wani mai shagon soya kifi da dankali, ya ba ni ɗakin da ke saman shagon. Wata shida duk rigar da na sa ƙaurin mai take yi. Ban yi fushi da wancan mutumin ba. Na laluba fushin ban same shi ba, sai na ɗauki akwatina na hau bene.

Shekara biyar ina koyar da Turanci a wata sakandare kusa da Bici kafin in samu gurbin ƙaro karatun nan. Kwas ne na wata shida a kan adabin Turanci da rubutu, na waɗanda suka riga suka yi digiri, a ƙarshe a ba ka takardar shaida. A ƙauyenmu an ce na tafi zama dakta. Na gyara sau biyu, na ga ba mai son gyaran, na bar su.

Hankalina dai ba a kan takardar yake ba. Inna na baro ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Likita a Bici ya ce zuciya ce, ya rubuta magani, bai ƙara komai ba. Na so in fasa tafiyar, ta aiko ƙanwata Rakiya ta ce min in tafi in ƙarasa abin da na fara. Aike na ce, alhali tsakanin ɗakina da nata bai kai taku ashirin ba.

Ni ne ɗan farinta, ita kuwa mai alkunya ce irin ta da. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, a cikin gidan dai, muna shan ruwan randa ɗaya. Sunana Habibu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. Da ƙannena take magana ta ce "yayanku," da baƙi ta ce "wancan." In na durƙusa gaishe ta da safe, kaza take kallo ta amsa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba, don na san wa yake ajiye min ƙanzon tuwo da man shanu a ƙarƙashin faifai. Fatana ɗaya a tafiyar nan, in dawo in tarar da ita tana kallon kazar.

Juma'a muka ware don waya. In na dawo masallaci sai in hau ɗakina in kira Rakiya, ta buɗe lasifika ta ajiye wayar a kan tabarma. Inna ba ta taɓa wayar. Sai ta ce wa Rakiya ta tambayi yayanta ko yana samun abinci, ni kuma in ce wa Rakiya ta gaya wa Inna ina samu. Rakiya tana tsakiya tana kai saƙon da kowa ya riga ya ji, wani lokacin dariya ta ƙwace mata, Inna ta yi mata tsaki. Ni ba maganar nake saurare ba. Numfashin Inna nake bi, da tarinta, da ƙarar carbinta, in auna ko ta fi makon jiya.

Ajinmu mu goma sha biyu ne a kewaye da dogon tebur. Malamarmu wata dattijuwa ce mai farin gashi, sunanta Ailin. Ran farko ta ce kowa ya kira ta da gatsal ɗin sunanta. Bakina ya ƙi, don matar ta kusa sa'ar Inna. Malama na dinga ce mata har na bar ƙasar, daga baya 'yan ajin ma suka ɗauka suna tsokanar ta da shi. Kowane mako za a jibga mana littafi mai kaurin bulo a ce mu karanta mu zo mu faɗi abin da muka ji. Ni kuwa abin da zai fito a jarrabawa na sani. Shekara biyar ina rubuta wa yara jigo da salo da halayen jarumi a allo suna kwafa, ba wanda ya taɓa tambayata me na ji, ni ma ban tambayi kowa ba. In aka zo kaina sai in jero jigo uku tsaf, Malama ta gyaɗa kai ta ce to, amma kai fa? Sai in koma kallon tagar da ruwa ke bi.

Duhu yana shiga tun ƙarfe huɗu. Azahar da la'asar da magariba suka matso juna har ba na naɗe darduma. Na daina jin yunwa sosai, na daina jin sanyi sosai. Ina tashi, ina zuwa aji, ina dawowa, kamar jakin da ya san hanyar gona.

A laburare na haɗu da Hajiya Adiza. Ina zaune na yi tsaki na ce kai, wannan littafi ba ya ƙarewa, sai na ji an ce daga bayana, "Sannu ɗana." Na juya na ga wata dattijuwa da tsumman goge tebur. 'Yar Zangon Kumasi ce, ta shekara ashirin da wani abu tana shara a ginin. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ta dubi wuyana ta ce mahaifiyata ba ta aiko ni in zo in bushe ba. Tun daga ranar, duk Talata sai ta ajiye min roba da shinkafa da wake a bayan wani kantan littattafan da ba mai zuwa wurin. Ban taɓa jin abin da nake ci a ƙasar nan ba sai ranar Talata.

A wata na biyu aka ce kowa ya rubuta wani mutum da ya sani ciki da waje. Dokar ajin ita ce, a raba rubutunka kowa ya karanta, sannan a zauna a yi ta maganarsa a gabanka, kai kuma ba ka da bakin cewa uffan sai an gama. Na rubuta Inna. Na rubuta safiyar da zan fara tafiya kwalejin Bici: duk gida an fito rakiya, ita tana bayan rumbu tana sussuka, ba ta ɗago ba. Sai da na isa na buɗe akwati na tarar da kwalbar man shanu a naɗe cikin ɗankwalinta na zuwa biki, wanda ba ta da wani sai shi.

Tabɗi. Wani ya tambaya wane laifi yaron ya yi wa uwar. Wani ya ce rubutu ne mai ƙarfi a kan yaron da aka ƙi. Wata budurwa ta cika ido da hawaye, ta miƙo hannu ta dafa nawa ta ce ta tausaya min. Aka yi ta juya Inna a kan tebur, wannan ya ce mai taurin zuciya ce, wancan ya ce wataƙila ita ma an cuce ta ne tana ƙarama. Ina zaune ina bin doka. Ya kamata raina ya ɓaci, amma abin da na iya tunawa shi ne ina ƙirga ɗigon ruwa a gilashi. Da aka ba ni dama na yi bayanin alkunya a taƙaice, suka ce abin sha'awa ne, amma mai karatu yana buƙatar ya ji soyayyar a fili.

To, ni malamin jarrabawa ne, na san yadda ake ba mai maki abin da yake so. Na koma na ƙara shafi guda. Na fito da uwar daga bayan rumbu, na sa ta biyo yaron har bakin hanya, ta kira sunansa, ta ce za ta yi kewarsa. Mako na gaba aji ya yi ta yabo, mai hawayen nan har da tafi. Da aka tashi Malama ta ce in biyo ta ofis. Ta ajiye takardar a gabana, ta kewaye sabon layin da fensir.

"Matar nan da ka rubuta ba za ta faɗi haka ba," ta ce. "Kai ka cusa mata a baki, don mu."

Ta ce shafi bakwai matar tana magana da hannunta, da ɗankwali, da kwalbar mai, ita kuma ta ji ta sarai tun karatun farko. Ta ce duk layin da zan ba wani a rubutu in tsaya in tambayi kaina ko bakinsa zai iya ɗaukarsa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba ranar da aka zagi Inna a gabana. Na karɓi takardar na goge shafin.

Wannan darasi shi ne abin da na koya a Ingila, kuma na koye shi fiye da kima. Na zama mafaraucin layin ƙarya. A manyan littattafan da ake ba mu ma sai in kama inda marubuci ya ari bakin wani. A aji aka fara tsoron fensirina. In na ce wannan tsohon ba zai faɗi haka ba, Malama sai ta yi murmushi, mai rubutun ya sunkuyar da kai. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Wannan ne karon farko da na ji ina da wani abu a teburin nan.

A wata na biyar Juma'a ta fara canjawa. Na kira, Rakiya ta ce Inna tana barci, kada a tashe ta. Juma'ar da ta biyo ta ce an kai ta Bici awo, ba wani abu ba ne. Na ce to. Na ajiye wayar, sai Kawu Isiyaku ya faɗo min a rai.

Kawu ƙanin Inna ne. Shekarar da ya tafi aikin Hajji matarsa Gwaggo Talatu ta rasu. Dattawa suka zauna a zaure suka ce ba a tayar wa matafiyi da hankali, a bar shi ya gama ibadarsa. Ni ne mai waya, ni aka ɗora wa aikin. Duk sanda ya kira sai in ce ta shiga maƙwabta, ko ta tafi unguwa, amma tana gaishe shi, ta ce ya kula da kansa. Gwaggo Talatu kuwa mace ce mai kaifin harshe, in za ta aika wa Kawu saƙo to na kada ya manta da turaren da ta ce ne. Bayan ya dawo an gaya masa, ya kira ni gefe ya ce tun ranar da na ce ta ce ya kula da kansa ya san ta tafi. Ya ce mamaci a bakin masu ɓoyewa daɗin baki yake ƙarawa. Na riƙe maganar nan shekaru ban san ina riƙe da ita ba.

Wata Talata da rana ina laburare, saura kusan mako uku mu miƙa aikin ƙarshe, saƙon murya ya shigo daga Rakiya. Na sa a kunne.

"Yaya, Inna ta ce wai a gaya wa Habibu tana kewarsa. In ka samu sarari ka kira."

Sau uku na saurara. A na uku fensirin nan ya riga ya kewaye layin a cikin kaina. Inna ba za ta faɗi haka ba. Shekara talatin da biyu ba ta kira sunan ba, kewa kuwa ko a kan Rakiya ban taɓa jin ta ambata ba. Wannan layin nawa ne, shi na rubuta na goge. Na ce Rakiya yarinya ce, an ɗora mata aikin da aka taɓa ɗora min, ta yi kuskuren da na yi. Inna ta rasu, wataƙila tun Juma'ar barcin nan.

Na jira kuka bai zo ba. Na tashi na yi alwala na yi la'asar a tsakanin kantoci, na roƙa mata gafara da rahama. Na ci shinkafar Hajiya Adiza har ƙasan roba, ban ji gishiri ba. Ƙarfe huɗu na shiga aji muka yi awa biyu a kan wata waƙa, har na yi magana aka ce na yi kyau.

Da na mayar da robar Hajiya ta dubi fuskata ta ajiye tsumma. Na gaya mata duka, da hujjojina a jere kamar ina gaban allo. Ta saurara har na gama.

"Ɗana, kira," ta ce. "In ya mutu ka ji da kunnenka. In bai mutu ba ka ji da kunnenka."

Na ce, "Hajiya, ba ki san Inna ba."

Ta ce gaskiya ne ba ta san ta ba, amma ita ma ta haifi ɗan fari, kuma akwai ranar da bakin mutum yake gajiya da riƙo. Na yi mata murmushin masu ilimi, na gode mata da abinci, na tafi.

Yanzu ina iya faɗin abin da ya hana ni. Tsoro ne. Muddin ba wanda ya furta, zan iya tashi in je aji in dawo. In na kira, na san Rakiya ba za ta iya riƙewa ba, za ta fashe da kuka, a miƙa wa Kawu wayar ya fara da "kai malami ne," ni kuma in zube a ɗakin da ke ƙaurin mai, saura mako uku. Na gaya wa kaina ai ita ta ce in ƙarasa abin da na fara. Na rubuta wa Rakiya cewa aiki ya yi min yawa, a gaishe da Inna.

Juma'a ta zo ban kira ba. Da yamma wani saƙon ya shigo, wai Inna ta sa an ajiye wayar kusa da matashinta. Na ce yarinyar nan ta fara wuce gona da iri, da tana ajinmu da na kewaye mata wannan ma. Juma'a ta biyu ina zaune a bakin gado da takarduna, wayar ta yi ƙara a kan tebur, sunan Rakiya. Na zuba mata ido har ta katse. Ta sake yi, na sake kallo. Ina jin mai shago a ƙasa yana zuba dankali a mai. Da ta yi shiru na ɗauki fensir na ci gaba daga inda na tsaya.

Sai Juma'a ta uku na kira, bayan na miƙa aikina. Muryar Rakiya a daƙushe. Ta ce mura take yi, Inna tana barci, amma ta ce a gaya wa yayanku ya dinga sa rigar sanyi. Na ce a raina yauwa, ta gyara, ta koyi aikin. Na ce ta gaya wa Inna ina sawa. Haka muka ci gaba har na gama, tana kawo min saƙo daidai bakin Inna, ina mayar da amsa, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa.

Labarin da na miƙa a kan kwalbar man shanu ya ƙare, uwar ba ta ce komai ba. Ranar rabuwa aka haɗa shayi da biskit, aka miƙa mana takardun shaida a cikin ambulan. Malama ta riƙe hannuna ta ce rubutuna ne ya fi zauna mata a rai, ta tambaya ko zan fassara wa mahaifiyata. Na ce ta rasu. Shi ne karon farko da na furta, kuma da Turanci, sai ya fito kamar ina ba da labarin wani. Hajiya Adiza ta raka ni tasha da robar ƙarshe. Ba ta sake tayar da maganar ba, ta ce dai in yi mata addu'a in na je.

A filin jirgi na Kano Kawu Isiyaku na gani da kansa, ba ƙanena ba. Wannan ma na san ma'anarsa. Muka ɗauki hanya cikin zafin bazara, yana ta ba ni labarin yadda gidaje suka cinye gonakin wajen Ungogo, da tsadar takin zamani, da wanda ya yi aure. Da muka bar kwalta na ga an fara kai taki gona, tsibi-tsibi a jere, jakuna da mangala suna komawa. Gonar Inna ta bakin hanya ba a kai mata ba. A zaure aka tsayar da ni, aka kawo ruwa, dattawa suka shigo ɗaya bayan ɗaya suka zauna. Kawu ya gyara murya ya ce, "Habibu, kai malami ne." Na ce masa na sani, Kawu, Allah ya jiƙanta. Suka dubi juna, wani ya ce Allahu Akbar, ilimi ke nan. Aka raka ni maƙabarta. Na tsuguna na yi addu'a, ƙasar da zafi, ni dai ina jin zafin ƙasar.

Bayan la'asar mutane suka ragu, na shiga ɗakin Inna. Rakiya tana zaune a kan tabarmar da ake ajiye min waya. Ta rame. Na zauna a bakin ƙofa na ce mata ta yi ƙoƙari, na san nauyin da aka ɗora mata, ni ma na taɓa ɗauka. Har da 'yar tsokana na ce wuri ɗaya kawai ta yi kuskure, kuma a nan na gane. Ta tambaya ina. Na ce ranar da ta ce Inna ta kira sunana tana kewata.

Rakiya ta dube ni.

"Yaya, na rigar sanyi ne na ƙirƙira," ta ce. "Wancan ita ta faɗa."

Ta ba ni labarin a hankali, idonta a kan tabarma. Ranar Talatar nan bayan azahar Inna ta farka daga dogon barci, ta dubi ƙofa, ta faɗi sunan kamar kullum take faɗa. Rakiya tana riƙe da kofin kunu, ya suɓuce. Matan da suka zo dubiya suka rufe baki. Kawu ya riga ya hana a ce min jikin ya yi tsanani, don haka Rakiya ta aiko min da maganar yadda take, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta ce ta zaci da na ji sunan zan gane ba lafiya ba, zan kira kafin ta ajiye wayar.

Kwana goma sha ɗaya Inna ta ƙara. Wayar tana gefen matashinta, in ta yi ƙara sai ta buɗe ido. Juma'a ta biyu ita ta ce a kira. Rakiya ta buɗe lasifika, suka saurari ƙarar tare har ta katse. Ta ce a sake, aka sake. Da ta katse a karo na biyu Inna ta juya fuska wajen bango ta ce, "Ku ƙyale yayanku, karatu yake yi." Washegari Asabar da hantsi ta cika.

Ina zaune a bakin ƙofar, ina jin awakin Inna suna kuka a turke, ba a ba su dusa ba. Ambulan ɗin takardar yana aljihun rigata, ya jiƙe da gumi. Rakiya ba ta tambaye ni me ya hana ni ɗauka ba, har yau ba ta tambaya ba.

Na ce ta faɗa min yadda Inna ta kira sunan. Da ƙarfi ne ko a hankali, ta ja shi ko ta gutsure. Rakiya ta ce ba za ta iya kwaikwaya ba. Na ce ta gwada. Ita ma ba ta saba da sunan a bakinta ba, sai da ta dubi ƙofa inda Inna ta duba, ta ce, "Habibu."

Muryar Rakiya ce. Na ce ta sake.